Lugude da Kiɗan Metal a Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da turmi lokacin da mata uku ke lugude ya san daɗin sautin ba daga ƙarfin damtse kaɗai yake zuwa ba. Taɓarya ɗaya na sauka, ɗaya na tashi, ta uku na jiran gurbinta. Da biyu za su faɗa lokaci guda, sai su gwabza, gero ya fantsama. Kuma babu bugu biyu da ke fita iri ɗaya: wannan ya nutse cikin tsaba, wancan ya goga bakin turmi, can wata ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Mai son koyon tsara kiɗan metal ko had rok a kwamfuta zai yi wata da watanni yana neman wannan tsarin, sau da yawa bai ma san shi yake nema ba.

Sabon shiga yakan ɗauka kiɗan nan hayaniya ce zalla. Sai ya buɗe manhajar haɗa kiɗa irin Reaper ko Cubase ko FL Studio, ya ɗora manhajar da ke kwaikwayon amfilifaya irin AmpliTube ko Guitar Rig, ya murɗa gurnanin jita har ƙarshe, ya cika kowane gurbi da ganga. Abin da zai fito injin niƙa ne: ƙara mai yawa, babu inda kunne zai kama.

Tushen kiɗan kuwa ɗan gajeren zubi ne na jita da ake maimaitawa, wanda makaɗan ke kira rif. Tony Iommi, makaɗin jita na ƙungiyar Black Sabbath, ɗan birnin Birmingham a Ingila, yana da shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya koma amfani da tsirkiyoyi marasa kauri, a faifan Master of Reality na 1971 kuma ya sassauta ɗaurinsu, muryar jitar ta yi ƙasa ta yi kauri. Da sauti uku kacal ya gina waƙar da ta buɗe faifansu na farko a 1970, kuma har yau ana jin nauyinta. Saboda haka ina ganin mai koyo ya fara da rif guda, ya rubuta shi a Guitar Pro ko TuxGuitar, wadda kyauta ce, ya yi ta juya shi har ya iya rera shi da baki yana tafiya. In bai zauna a baki ba, babu manhajar da za ta cece shi.

Wurin ganga ne aka fi yin tuntuɓe. A kwamfuta ana ɗiga kowane bugu da linzami a kan layukan awo, kuma tsarin MIDI, wanda ya fito a 1983, yana ba kowane bugu ƙarfi daga 1 zuwa 127. Mai gaggawa sai ya sa komai a 127, ya jera komai daidai kan layi. Ai ko mace mafi ƙarfi a gidan biki ba ta sauke taɓarya da nauyi ɗaya sau ɗari. Hannu na gajiya, numfashi na shiga tsakani, kuma wannan ɗan bambancin ne ke sa mai wucewa ya gyaɗa kai. Sai a rage ƙarfin wasu bugun, a bar hannun hagu ya ɗan fi na dama rauni, a ture wani bugun ya ɗan makara kaɗan. A kuma tuna makaɗi hannu biyu da ƙafa biyu gare shi. Idan ka rubuta masa farantan ƙarfe uku da ƙaramar ganga a bugu guda, kunnen wanda ya san kiɗa zai gane babu ɗan Adam a wurin.

Wannan ba ya nufin gangar kwamfuta abin kunya ce. Ƙungiyar Meshuggah ta garin Umea a Suwidin ta fitar da faifan Catch Thirtythree a 2005 da gangar da aka tsara a kwamfuta, daga tarin sautuka na Drumkit From Hell na kamfanin Toontrack, waɗanda aka naɗa daga gangunan makaɗinsu Tomas Haake. Mutanen da suka san yadda hannu ke faɗawa ne suka tsara ta, shi ya sa ta tsaya da ƙafarta.

Jita ma haka take. Faɗin sautin da ake ji a faifan metal yana zuwa ne daga kaɗa rif ɗin sau biyu, a tura ɗaya lasifikar hagu, ɗaya ta dama. Wanda ya yi wayo ya kwafi naɗi ɗaya ya manna, ƙara kawai zai samu a tsakiya. Mace ɗaya ba ta lugude. Sai an sami hannu na biyu da ke bin na farko ba tare da ya zama shi ba.

Sai rabon gurbi, wanda shi ne ya fi cin lokaci. Babbar gangar ƙafa da jitar bes duk a ƙasan sauti suke zaune, jitar gurnani kuma tana son kutsawa can. Masu haɗa sauti sukan yanke wa jita abin da ke ƙasa da wajen hez 80 zuwa 100 don bes ya sami wurin sauka. Mai koyo yakan ji tsoron yin haka, don jitar ita kaɗai sai ta zama siririya. A haɗe kuwa sai ta fi da nauyi, domin rabin ƙarfin da ake yaba wa jita na bes ne. Faifan Metallica na 1988, ...And Justice for All, ya shahara da danne bes ɗin Jason Newsted har da kyar ake jin sa, kuma masoyan ƙungiyar ba su daina ƙorafi a kai ba duk da ingancin waƙoƙin.

Ni da za a ba ni sabon ɗalibi, kafin ya sayi wata manhaja zan sa shi ya zauna da Back in Black na AC/DC, na 1980. Ya saurari yadda Malcolm Young ke kaɗa jita da gurnani ɗan kaɗan, da yadda Phil Rudd ke riƙe bugu mai sauƙi ba ya ƙawa. Sannan ya buɗe kwamfutarsa ya sake gina zubin farko na waƙar da hannunsa, ya auna tsawon shirun da ke tsakanin bugun jita, ya ga layuka nawa ne a allon aka bari babu komai a kansu.