Kamun kifin kaf a lokacin sanyi: abin da masuntan ƙasar Cek suka gane

Idan hunturu ya shigo, masu tafkin kifi a ƙauyukanmu sukan yi kuka iri ɗaya: kifi ya daina cin abinci. Wasu sukan ƙara zuba abinci don suna tsammani yunwa ce ko ciwo. Ta haka kuɗi ke zubewa, ruwa ya lalace, kifi ya mutu. A wannan fitowar za mu duba wata ƙasa mai tsananin sanyi, inda mutane suka daɗe da sanin halin kifi a irin wannan lokaci.

Wane kifi ne kaf?

Kaf kifin ruwan daɗi ne mai manyan ɓawo da ɗan gashin baki. Kada mu haɗa shi da karfasa, ba iri ɗaya ba ne. Yana kiwo a ƙasan ruwa, yana tonon laka don neman tsutsa da ƙwari, kuma yana cin hatsi. An kawo shi Nijeriya daga Ostiriya a shekarun 1950, aka zuba shi a gonar kifi ta Panyam a Jihar Filato ta yanzu.

Me sanyi ke yi masa?

Jikin kifi ba ya riƙe ɗumi kamar namu, yana bin yanayin ruwan da yake ciki. Kaf ya fi girma a ruwa mai ɗumin digiri 23 zuwa 30. Idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10, cikinsa ba ya narkar da abinci da sauri, sai ya rage ci ƙwarai. A Turai, saman tafki yakan daskare ya zama ƙanƙara, amma ruwan can ƙasa yakan tsaya a wajen digiri 4. Can ne kifayen ke taruwa wuri ɗaya, ba sa motsi sosai, suna rayuwa da kitsen da suka tara lokacin ɗumi.

Saboda haka mai fatsa da ya san aikinsa ba ya watsa abinci da yawa a ruwa. Yakan sa ƙwayar masara ɗaya ko biyu a ƙugiya, ya nemi wuri mai zurfi, ya jira har rana ta ɗan ɗumama ruwan. In ya cika zuba abinci, kifin zai ƙoshi da ɗan kaɗan, ya ƙyale ƙugiyar.

Yadda ake kamu a Tirebon

A kudancin ƙasar Cek, a tsakiyar Turai, akwai garin Tirebon wanda ɗaruruwan tafkuna suka kewaye. Mutane ne suka gina su. Mafi girma a cikinsu, Rojimberk, an gina shi tsakanin 1584 da 1590, kuma faɗinsa ya kusa kadada 490. Kaf yakan yi shekara 3 zuwa 4 kafin ya kai kilo 2 ko 3 na sayarwa.

Babban kamu ana yinsa ne a Oktoba da Nuwamba, lokacin da sanyi ya shigo amma ruwa bai daskare ba. Da farko sukan buɗe mafitar ruwa, tafkin ya riƙa janyewa a hankali na kwanaki da yawa. Kifi yakan bi ruwa har ya taru a wani rami mai zurfi kusa da madatsa. Da sassafe masunta su shiga, wasu a kwale-kwale, wasu a ƙafa cikin laka, su ja taru tare. A bakin tafki ake tantancewa bisa iri da girma.

Me ya sa suke jiran sanyi? Ruwan sanyi ya fi riƙe iskar da kifi ke shaƙa, kifin kuma ba ya yawan zabura. Don haka ana iya ɗaukarsa da rai zuwa nesa ba tare da asara mai yawa ba. Bayan kamu sukan ajiye shi makonni a wasu ƙananan tafkuna masu ruwa mai gudu, ba tare da abinci ba, har warin laka ya fita daga namansa.

Kasuwa ma tana jira. 'Yan kwanaki kafin Kirsimeti ana sayar da kaf a manyan bahuna a titunan birane. A daren 24 ga Disamba iyalai da yawa sukan ci soyayyen kaf da haɗin dankalin Turawa. Kifin da ya rage a tafki kuwa ba a barinsa haka. In ƙanƙara ta rufe ruwa, sukan fasa ramuka a kanta don iska ta shiga.

Abin da ya shafe mu

Ruwanmu ba ya daskarewa, amma a tudun Jos sanyin dare a Disamba da Janairu yakan yi tsanani. Karfasa da tarwaɗa kifayen ƙasar zafi ne, ba su da juriyar kaf, musamman ƙanana. Ga abin da za mu iya yi:

• Mu rage abinci idan mun ga kifi ba ya tasowa. Abincin da ya nutse yakan ruɓe ya cinye iskar ruwa.
• Mu ba da abinci da rana tsaka, ba da asuba ba.
• Mu bar gefe ɗaya na tafki ya kai zurfin mita ɗaya da rabi, don ruwa mai zurfi ba ya saurin sanyi.
• Mu guji zuba 'ya'yan kifi a tsakiyar hunturu.
• Mu lissafa lokacin zubi domin kifi ya isa sayarwa kafin Kirsimeti da sabuwar shekara.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

1. Nawa muka kashe a kan abincin kifi a hunturun bara, kuma nawa ne kifin ya ci?
2. A wane wata kifi ya fi tsada a kasuwarmu?
3. Za mu iya haɗa hannu mu sayi taru ɗaya, mu riƙa yin kamu bi da bi?