Azumi da Lafiyar Ido: Nazarin Wata Magana da ta Yaɗu a Garin Gombe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi watan Ramalana a garin Gombe, ya kuma zauna a majalisun bayan sallar asham a unguwanni irin su Jekadafari da Bolari da Pantami, zai ji ana cewa azumi yana wanke ciki, yana kuma ƙara gani. Mai wannan maƙala, wanda aikin koyarwa ya rabo da gida ya kawo shi garin, ya sha jin haka daga bakin dattawa da ɗalibai. Manufar maƙalar ita ce ta ɗora wannan magana a kan ma'aunin ilimin likitanci, sannan ta nuna cewa wani ɓangare na ruɗanin da ke cikinta daga harshe ya taso.

2.0 Abin da Azumi ke Yi wa Jiki

Tsawon wunin azumi a Gombe yakan kama daga awa 13 zuwa 14. A farkon wuni jiki yana dogara ne da sukarin da hanta ta taskace. Bayan kimanin awa 12, idan wannan ajiya ta yi ƙasa, sai ya koma ƙona kitse. Wannan sauyi shi ne tushen yawancin fa'idojin da Rafael de Cabo da Mark Mattson suka tattaro a mujallar New England Journal of Medicine a shekarar 2019, wato raguwar ƙiba, da daidaituwar sukarin jini, da saukar hawan jini. Haka kuma, yunwa tana zaburar da ƙwayoyin halitta su narkar da sassansu da suka lalace, al'amarin da bincikensa ya sa Yoshinori Ohsumi na ƙasar Japan ya sami kyautar Nobel a 2016. Sai dai a kan ƙwayoyin yisti ya gina aikin nasa, ba a kan masu azumin Ramalana ba.

Fa'idar kuma tana da iyaka. Mai azumi yakan rage kilo ɗaya zuwa biyu, kuma yawanci nauyin yakan dawo makonni kaɗan bayan salla. Wanda ya sha ruwa da tulin ƙosai da kunu mai zaƙi da lemon kwalba, to ya rushe da dare abin da ya gina da rana.

3.0 Kalmar "Gani" da Sunayen Cututtukan Ido

A Hausa kalmar "gani" tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai ganin ido, akwai kuma fahimta, kamar a cikin "a ganina" ko "na ga abin da kake nufi". Idan malami ya ce azumi yana buɗe ido, galibi basira yake nufi, amma mai sauraro yana iya ɗauka ƙwayar ido ake magana. Daga nan ne wa'azi yake rikiɗewa ya zama shawarar likita.

Bugu da ƙari, Bahaushe yakan haɗa cututtuka mabambanta a ƙarƙashin "ciwon ido". Alal misali:

(i) dundumi: rashin gani da dare, wanda sau da yawa ƙarancin sinadarin bitamin A ke kawowa;
(ii) hakiya: farin tabo a kan baƙin ido;
(iii) yana: dusashewar madubin cikin ido, wadda aikin tiyata ne maganinta;
(iv) hawan jinin ido, wato gilakoma: lalacewar jijiyar gani.

Babu ɗaya daga cikinsu da azumi ke warkarwa. Suna na huɗu ma yana da ɓatarwa, domin ruwan cikin ido ne matsinsa ke hawa, ba jini ba. Wanda ya ji azumi yana sauke hawan jini zai zaci har da na idon, alhali abubuwa ne biyu daban. Da a ce "hawan ruwan ido" ya fi dacewa.

4.0 Amfani da Haɗari ga Ido

Amfanin azumi ga ido ta bayan gida yake zuwa. Ciwon sukari da hawan jini suna lalata ƙananan jijiyoyin jini na tantanin bayan ido, saboda haka duk abin da ya daidaita su ya kare gani. Amma a lokacin bazara, kamar azumin 2024 da ya faɗo a watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Gombe kan kai digiri 40, ƙishirwa tana rage hawaye har ido ya riƙa yaji. Ganin dishi-dishi da jiri ga mai ciwon sukari kuwa alama ce ta faɗuwar sukari, wadda ke bukatar karya azumi nan take.

Haɗarin da ya fi girma yana kan mai gilakoma. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma shiyyar Arewa maso Gabas ce ta fi yawa da kashi 6.1. Yana ce ta haddasa kashi 43 na makantar, gilakoma kuwa kusan kashi 17. Ganin da gilakoma ta ɗauke ba ya dawowa, maganin ɗigawa na kullum ne ke tsare ragowar. To, a mazhabar Malikiyya, abin da aka sa a ido idan ya isa maƙogwaro yana karya azumi, shi ya sa wasu ke ajiye maganin har wata ya wuce. Majalisar Fiƙihun Musulunci da ta zauna a Jidda a 1997 ta yanke cewa ɗigon ido ba ya karya azumi muddin ba a haɗiye abin da ya kai maƙogwaro ba. Akwai kuma mafita biyu: a ɗiga maganin lokacin sahur da bayan shan ruwa bisa shawarar likita, sannan a danne lungun ido na wajen hanci na minti biyu don kada ya gangara. Kwankwaɗar ruwa mai yawa a tashi ɗaya ma tana ɗaga matsin ido na ɗan lokaci, don haka gara a sha kaɗan-kaɗan.

5.0 Kammalawa

An ga cewa azumi yana da amfani ga jiki, amma ba maganin makanta ba ne. Ya kamata mai ciwon sukari ko gilakoma ya ga likita tun a watan Sha'aban, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko wani makamancinsa. Su kuma masana harshe, nauyi ne a kansu su zauna da likitocin ido da malaman addini a daidaita waɗannan sunaye, domin da su ake fassara a gidajen rediyo, da su kuma majinyaci ke yanke shawarar ɗiga magani ko barinsa.