Maɓalli ɗaya da ka iya ceto tsohuwar kwamfuta

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, mutane da dama sun tarar kwamfutocinsu sun ƙi karɓar Windows 11. Wani lokacin ba tsufa ba ne: TPM 2.0 ne ke kashe a cikin BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows.

Shiga BIOS sai da zafin nama. Da an kunna, kafin tambarin kamfani ya ɓace, sai a yi ta danna F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad.

Amma a tanadi mabuɗin BitLocker tukuna, domin sauyi a can na iya kulle mutum daga fayilolinsa.