Kendrick Lamar: Wane kundi ya fi, na 2012 ko na 2015?

Masu sauraron gambarar zamani ta Amurka sun daɗe suna musu a kan kundi biyu na Kendrick Lamar, mawaƙin da aka haifa a 1987 a garin Compton na jihar Kalifoniya. Ɗaya shi ne good kid, m.A.A.d city, wanda ya fito a watan Oktoban 2012, ɗayan kuma To Pimp a Butterfly na watan Maris ɗin 2015. Ratarsu ba ta kai shekara uku ba, amma wanda ya saurare su a jere sai ya rantse mawaƙa biyu ne.

Kundin 2012 labari ne guda daga farko har ƙarshe. Kendrick yana ɗan shekara 17, ya ɗauki motar mahaifiyarsa ya tafi wurin wata yarinya. Abokai suka ja shi fasa wani gida, daga baya wasu suka tare shi suka lakaɗa masa duka, aka fita ramuwa, aka harbe ɗaya daga cikin abokansa. A tsakanin waƙoƙi ana jin saƙon murya na mahaifiyar tana faɗan a dawo mata da motarta. Daga ƙarshe wata dattijuwa ta tsayar da samarin, ta ja su addu'ar tuba. Hatta "Swimming Pools", da ake sakawa a wuraren casu, kuka ne a kan giyar da ta addabi danginsa.

Kafin fitowar kundin 2015, Kendrick ya ziyarci Afirka ta Kudu, har ya shiga ɗakin da aka tsare Nelson Mandela a tsibirin Robben. Da ya dawo sai ya gayyato makaɗan jaz irin su Kamasi Washington da Thundercat, kiɗan ya yi nauyi, jigon ma ya faɗaɗa: wariyar launin fata, da yadda suna da kuɗi ke cinye baƙar fata mai basira. A waƙar "u" yana cikin ɗakin otal yana tsine wa kansa, don abokinsa ya mutu a asibiti shi kuwa yana can yawon wasa. "Alright" kuwa masu zanga-zangar adawa da kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙar fata suka mayar da ita takensu.

Alƙalan kyautar Grammy sun fifita na biyu. Na farko bai samu ko ɗaya ba a 2014, har Macklemore da Ryan Lewis suka ɗauke kambun kundin gambara, abin da ya jawo surutu. A 2016 Kendrick ya tashi da kyautuka biyar. Kasuwa kuma ta riƙe na farko, domin ya shafe fiye da shekara goma a jerin kundaye 200 na Billboard ba tare da ya fita ba.

A ganina na 2015 ya fi zurfi da ƙarfin hali, sai dai yana buƙatar haƙuri da sanin tarihin baƙar fatar Amurka. Na 2012 ya fi tsari, kuma duk wanda ya tashi a unguwar da 'yan daba suka yi kaka-gida zai gane shi nan take. Mai son shiga waƙoƙin Kendrick ya fara da shi, domin sai ka san abin da yaron ya tsallake kafin ka fahimci abin da ke damun babban.