Madatsar Ruwa Da Gandun Daji A Yammacin Tailan

Da yawa daga cikinmu ba mu san ƙasar Tailan ba sai a jikin buhun shinkafa. To, ita dai ƙasa ce a kudu maso gabashin Asiya, babban birninta Bankok, ta yamma kuwa tana iyaka da Bama, wadda tun 1989 ake kira Miyanma. Wanda ya shimfiɗa taswirar yammacin ƙasar zai lura da wani abu. Duk inda aka shafa shuɗi, alamar tafkin madatsar ruwa, sai ya ga an kewaye shi da kore, alamar gandun dajin gwamnati. Dalilin wannan maƙwabtaka nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai. Hanya mafi sauƙi ita ce mu ɗauka mun sami mota, mu bi titin lardin Kancanaburi a hankali muna tsayawa, gama sannu ba ta hana zuwa.

Lokacin da ya fi dacewa da tafiyar shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan ɗaukewar damina, kafin zafin Maris da Afrilu ya sauka. Direba kuma ya tuna cewa a hannun hagu ake tuƙi, kamar yadda ake yi a Nijeriya kafin 1972.

Daga Bankok zuwa garin Kancanaburi kamar kilomita 130 ne, ta cikin gonakin shinkafa da rake. A nan koguna biyu suke haɗuwa, Kwai Yai da Kwai Noi, watau babban reshe da ƙaramin reshe, su zama kogin Mae Klong wanda ke gangarawa teku. Kowane ɗaya daga cikin biyun an datse shi can sama, kuma duka madatsun biyu za mu ziyarta. Kafin mu bar gari sai mu leƙa tsohuwar gadar jirgin ƙasa. Japanawa ne suka shimfiɗa wannan hanyar dogo mai tsawon kilomita 415 a 1942 da 1943, don kai kaya ga sojojinsu da ke Bama, waɗanda kakanninmu suka gwabza da su a Yaƙin Bama. Fursunonin yaƙi fiye da 12,000 suka mutu a aikin, leburorin Asiya da suka mutu kuwa sun ninka wannan sau da yawa. A riƙe zancen dogon nan, za mu sake gamuwa da shi a gaba.

Idan muka bi gefen Kwai Yai muka yi kamar kilomita 65, sai mu isa gandun dajin Erawan, wanda aka kafa a 1975. Abin kallo a nan wani rafi ne da ke faɗowa daga tsauni hawa bakwai, kowane hawa da kududdufinsa. Ruwan tsanwa-tsanwa ne garai-garai, saboda dutsen farar ƙasa da yake bi ta kai. In ka tsoma ƙafa sai ƙananan kifaye su taru suna tsattsagarta. Masu gadi ba su barin a haura sama da abinci, kwalbar roba ma sai ka ajiye kuɗi, ka karɓi abinka in ka dawo da ita. Ni dai a ganina wannan dabara ta fi dogon wa'azi aiki.

Gaba kaɗan da Erawan sai madatsar Srinagarind, wadda mutanen wurin ke kira Sinakarin, sunan mahaifiyar marigayi Sarki Bhumibol. An gama ta a 1980. Tudu ne na duwatsu da yumɓu a tsakiyarsa, tsayinsa mita 140, watau ya ninka na Kainji. Ana sakin ruwa ta cikin manyan bututu, nauyinsa ya juya injina, injinan su ba da lantarki har megawat 720. Akwai wata hikima kuma. Biyu daga cikin injinan suna iya juyawa da baya, saboda haka da tsakar dare, sa'ad da mutane suka yi barci lantarki ya yi rara, sai a tura ruwan da aka tare a wata ƙaramar madatsa da ke ƙasa ya koma sama, a sake amfani da shi gobe. Ruwan da ya wuce kuwa shi ke shayar da gonakin da muka ratso da safe, ya kuma hana ruwan gishiri na teku hawowa cikin kogi da rani.

A nan ya kamata mu kashe mota mu yi tambayar da ta kawo mu. Me ya sa a 1981, shekara ɗaya tak bayan gama madatsar, aka mai da tsaunukan da ke kewaye da tafkin gandun daji?

Amsar tana ga halin ruwan sama. In ruwa ya sauka a kan tsauni mai itatuwa, ganye yakan rage masa ƙarfi, busassun ganye da saiwoyi su riƙe shi, ya nutse cikin ƙasa, sa'an nan ya riƙa tsattsafowa cikin rafuka kaɗan kaɗan har tsakiyar rani. In kuwa an sare itatuwan, sai ruwan ya kwararo gaba ɗaya cikin 'yan sa'o'i, ɗauke da ƙasar da ya zaizaye. Ruwa mai gudu yana iya ɗaukar laka da yashi, amma da zarar ya shiga tafki ya tsaya cik, sai ya sauke kayansa a ƙasa. Shekara da shekaru tafki ya yi ta cikewa, kamar randar da ake zuba wa tsakuwa. Daga waje tana nan yadda take, amma ruwan da take ci ya ragu. Ashe ke nan injiniyan lantarki yana bukatar daji kamar yadda giwa take bukatarsa. Tailan ba ta koyi wannan da arha ba. A 1961 fiye da rabin ƙasar daji ne, kafin ƙarshen shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. A Nuwamban 1988 ambaliya ta gangaro daga tsaunukan kudu da aka aske, ɗauke da gumagumai, ta hallaka ɗaruruwan mutane. A Janairun 1989 gwamnati ta hana saran katako a dazuzzukan ƙasar.

Amma wannan rabin labarin ne. Don mu ga ɗaya rabin sai mu koma mu hau titi mai lamba 323, wanda ke bin Kwai Noi ya nufi iyakar Bama. Za mu wuce gandun Sai Yok, inda cikin kogunan dutse ake samun wani jemage da nauyinsa bai wuce giram 2 ba, ɗaya daga cikin mafiya ƙanƙanta a dabbobi masu shayarwa. Bayan garin Thong Pha Phum sai madatsa ta biyu, mai tsayin mita 92, wadda aka gama a 1984. Da Khao Laem ake kiranta, a 2001 aka sa mata sunan Vajiralongkorn, ɗan sarki a lokacin, wanda ya gaji mahaifinsa a 2016. Daga nan titi yakan yi ta murɗewa a bakin tafki, ga gidajen masunta suna yawo bisa ruwa. Kallo ne mai daɗi, har sai ka lura da busassun kututtura da ke leƙowa daga tsakiyar ruwa. Dā daji ne wurin. Wani yanki na dogon nan na Japanawa ma yana can ƙasa.

Kamar kilomita 220 daga Kancanaburi sai garin Sangkhlaburi. Sabon gari ne, gama tsohon ya nutse a 1984, kamar dai yadda tsohuwar Bussa ta nutse a tafkin Kainji a 1968. Da yawa daga mazauna kwarin 'yan ƙabilar Mon ne da suka gudo daga Bama. Da yake ba su da takardar zama 'yan ƙasa, ba su cikin waɗanda doka ta ce a ba su filin musanya. Wani babban malamin addinin Buda, Luang Pho Uttama, shi ya ɗebe su ya zaunar da su kusa da sabon ɗakin ibadarsa a kan tudu, ya kuma sa suka gina doguwar gadar katako da hannunsu don su riƙa ƙetarawa kasuwa da makaranta. Ambaliya ta karya ta a 2013, aka gyara a 2014. Tsohon ɗakin ibadar yana nan a tafki. A watan Disamba sai saman ginin kake gani daga cikin kwalekwale, amma wajen Afrilu, in ruwa ya janye, har ana takawa a shiga ciki.

Ba mutane kaɗai ruwa ke kora ba. Can kudancin ƙasar, sa'ad da tafkin madatsar Chiew Larn ya fara cika a 1986, an ba wani ma'aikacin daji mai suna Seub Nakhasathien aikin ceton namun da ruwa ya tsare a kan tsibirai. Da shi da 'yan mutanensa suka yi ta yawo cikin kwalekwale, suka kuɓutar da dabbobi 1,364. Shi kansa ya san wannan bai taka kara ya karya ba in an gwada da waɗanda suka nutse ko yunwa ta kashe.

Abin da ya gani ya yi amfani a nan Kancanaburi. A lokacin hukumar lantarki tana shirin gina wata madatsa mai suna Nam Choan a kan Kwai Yai, sama da Srinagarind, a tsakiyar dajin Thung Yai. Da an gina ta, da tafkin ya raba dajin gida biyu, ya cinye kwarin da giwaye da ɓauna ke kiwo da rani. Ɗaliban jami'a, da mutanen garin Kancanaburi, da malaman addini, da masana irin su Seub suka tashi tsaye suka ce ba su yarda ba. A 1988 gwamnati ta jingine shirin. Seub ya rasu a 1990 yana shugabancin gandun Huai Kha Khaeng da ke maƙwabtaka, a 1991 kuwa UNESCO ta sa dazuzzukan biyu cikin wuraren gadon duniya. Har yanzu akwai damisa mai zane a cikinsu, wadda ta ƙare a yawancin ƙasashen yankin. Sai dai kuma 'yan ƙabilar Karen, da suke noma a dajin tun kafin a shata iyakarsa, sun sha fama da barazanar tashi, a wannan karon ba don ruwa ba, don dokar gandun daji.

Cikin Thung Yai ƙaramar mota ba ta shiga, kuma sai da izinin hukuma. Saboda haka daga Sangkhlaburi sai mu ƙarasa 'yan kilomita ashirin da ɗoriya zuwa mashigar Bama, inda wasu ƙananan hasumiyoyi farare guda uku suke tsaye a bakin iyaka. Nan kwalta ta Tailan ta ƙare, sai mu juya mu kwana a bakin tafki.