Kayan Kakanni a Kasuwar Kurmi

Daga Toranke muka bi ta Gaya da Wudil har birnin Kano, muka shiga Kasuwar Kurmi da ke bakin Jakara. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa ta, kuma fatake daga Agadas da Gadamas sun daɗe suna sauke kaya a cikinta.

Lungunanta matsattsu ne. A rumfunan masu tsofaffin kaya mun ga akushi, da tasoshin tagulla, da mundaye, da tsakiya, da takubba, da wuri, da anini mai huda. Mun ga kuɗin azurfa na Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780. Mai saye ya yi hattara, domin har waɗanda aka buga daga baya wannan shekarar ce a jikinsu.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, da yawa daga cikin kayan nan daga ɗakunan iyayenmu mata na ƙauye suka fito. Dillalai kan zaga a lokacin bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, su saye su da araha.

Ba mu zargin wanda yunwa ta tilasta masa. Amma mu tuna da Nabot, wanda ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar da ya gada. 'Yan'uwa, kafin akushin kaka ya bar gida, a tambayi dangi, a kuma sanar da dattawan ikilisiya ko za a sami taimako.