Na'urar Ozon: Tana Kashe Wari, Tana Cin Huhu



Akwai wata 'yar na'ura da ake jona wa lantarki a ɗakin otal ko cikin motar hannu, don ta kori warin taba da na danshi. Iskar da take fitarwa ita ce ozon, wadda can sararin samaniya take kare mu daga haskoki masu cutarwa na rana. Amma idan ta shiga ƙirji, labari ya sha bamban.

Oksijin da muke shaƙa ƙwaya biyu ne a haɗe. Ozon uku ne, ta ukun kuwa ba ta da zama, duk abin da ta taɓa sai ta ci. Haka take cin ƙwayoyin wari, haka take cin robar ƙofar mota har ta tsattsage, ta ci rufin wayar wuta, ta ci naman maƙogwaro. Sai tari, da ciwon ƙirji, numfashi na fita da ƙyar. Mai asma kuwa, abin ya fi yi masa tsanani.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce babu wata hukumar tarayya da ta amince a kunna irin wannan na'ura inda mutane suke. Ta kuma ce gwargwadon ozon da jiki zai iya jurewa bai isa ya tsabtace iska ba. Shi ya sa a 2007 jihar Kalifoniya ta kafa doka: ozon da na'urar tace iska ta cikin gida ke fitarwa kada ta wuce 0.05 cikin miliyan.

Hanci ma yana yaudara, domin ozon na dakushe jin wari. Mutum ya ɗauka ɗaki ya gyaru alhali hancinsa ne ya gaji. In kuma an goge daɓe da sabulu mai ƙamshin lemo, ozon na haɗuwa da shi ta haifar da fomaldihaid, sinadari mai jawo ciwon daji. Ƙura kuwa, ozon ko kallonta ba ta yi.

In dole sai an kunna, a fitar da mutane da dabbobi da tsirrai, a rufe ƙofa. Bayan an kashe, a buɗe tagogi iska ta ratsa sosai kafin yara su koma ciki.